Abin da Gangar Ƙarshe Ta Nema

Ranar Litinin da hantsi Obdulia ta sauka ramin ajiyar giya ita kaɗai, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara arba'in da shida da ta yi a gidan mijinta Eutimio. Taki talatin da ɗaya ne zuwa ƙasa, an sassaƙa su cikin jar ƙasa tun zamanin kakan mijin, kuma kowanne da irin muguntar da yake yi wa gwiwar tsohuwa. Ta riƙe kyandir ƙasa-ƙasa yadda shi yake yi, don in iskar ramin ta ɓaci wuta ce ke fara mutuwa kafin mutum. Wutar ko girgiza ba ta yi ba. Da ta kai ƙasa ta tsaya tana haki, ta ce, "To, ga ni." Sai kuma ta ji kunyar kanta, don ba kowa a wurin sai ganguna.

Eutimio ya rasu cikin sanyin Janairu, a tsakiyar gonar inabinsa, da almakashin datse rassa a hannu. Bai yi jinya ba, bai yi sallama ba. Da safe ya ce mata ta ajiye masa ragowar miya, ita ke nan maganar da ya bar mata, kuma wannan ya fi komai ci mata rai. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, a ce ya tafi a kan zancen ragowar miya! Abin da ya rage nasa wanda bai ƙarasa ba ganga ɗaya ce, wadda ya cika da hannunsa a kakar bara ya toshe. Ran Lahadi kuma 'yarsu Nieves za ta zo da mota daga Bilbao ta tafi da ita, a rufe gidan. Bene hawa na shida, ba rami, ba ganga.

A gidan nan ba a buɗe ganga haka kawai. Kowace shekara a farkon Nuwamba Eutimio kan tsiyayi giyar a ɗan tulun yumɓu, ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya lumshe ido kamar mai sauraron magana ta bayan bango, sannan ya ce, "Wannan zomo take nema." Ko kuma, "Wannan ba ta son komai sai haƙarƙarin ɗan rago." Sai ya ɗauki alli ya rubuta a fuskar gangar, ita kuma ta hau sama ta ɗora tukunya. Bai taɓa kuskure ba. Giyar ƙasar Toro ba ta da kunya, baƙa ce wuluk, ga nauyi, in ka haɗa ta da abincin da ba nata ba sai ta tattake shi ka rasa me kake taunawa. In kuwa ta samu nata, sai ta yi laushi har ka manta ƙarfinta sai ka zo miƙewa.

Shekara goma sha tara da suka wuce, bayan wata muguwar mura da ta kwantar da shi, ya ɓullo da sabon salo. Sai ya fara miƙa mata tulun kafin ya sha. "Uwargida ce a gaba," in ji shi. Ita da ba ta damu da giya ba sai ta jiƙa leɓe, ta yamutsa fuska, ta yi ƙorafinta, shi kuma ya yi dariya ya karɓa ya sha nasa, ya faɗi abin da giyar take nema. Ta ɗauka tsufa ne ya koya masa ladabi.

Yanzu ga fuskar gangar ƙarshe ba ko ɗigon alli. Obdulia ta sa a ranta cewa akwai maganarsa a ciki. Shi ya zaɓi inabin, shi ya matse, shi ya toshe, da yana nan da ya san abin da za ta nema. In ta gano abincin, ta gano kalmar da zai faɗa, sai ta rubuta masa ita ta tafi Bilbao da zuciya a kwance. In ba ta gano ba, to da zancen ragowar miya za ta mutu.

Ta buɗe famfon katakon da ƙyar. Giyar ta fito baƙa, hasken kyandir bai iya ratsa ta ba, sai a bakin tulun ne ake ganin ja. Ta jiƙa leɓe, ta rufe ido yadda yake yi, ta kasa kunne. Me Eutimio zai ce? Ta jira har ƙafarta ta yi sanyi. Ba ta ji komai ba sai ɗigar ruwa daga wani lungu.

"Ba komai," ta ce. "Kwana shida gare ni, kuma na san girkina."

Talata ta ciro haƙarƙarin ɗan rago da ya daɗe a firji, ta hura wutar busassun rassan inabi a bakin ramin, ta gasa da gishiri kawai. Hayaƙin ya tashi ya bi unguwar, unguwar da a da in an ga hayaƙi irin wannan sai maza takwas su ɓullo kowa da burodi a hamata. Yau kyanwa ɗaya ce ta zo. Mutum tara suka rage a ƙauyen, biyu ba sa fita. Ta ci naman, ta kurɓi giyar, giyar ta share shi daga bakinta kamar bai taɓa shiga ba. Ta ba kyanwar sauran.

Laraba ta dafa wake da garin tattasai da tafarnuwa. Abin ya ƙara lalacewa, yajin da giyar suka kama kokawa a maƙogwaronta har ta yi tari. Ta yanko tsohon cukun tumaki, shi dai bai ji kunya ba, amma ai cuku ba girki ba ne, Eutimio bai taɓa rubuta cuku a jikin ganga ba. Ta zauna a kicin da faranti uku a gabanta, kujerarsa tana kallonta. Kewa ta danne ta har ta kasa tashi ta wanke kwano.

Ana haka waya ta yi ƙara.

"Mama, kin gama haɗa kayan?" in ji Nieves.

"Ina kai."

"Kina kai ko kina girki? Ina jin ƙarar murfin tukunya."

"To sai in zauna da yunwa don za ki zo?"

"Ba haka na ce ba. Amma don Allah in kin zo nan ki bar mini kicin. Likita ya hana mijina gishiri, kin kuma san hannunki."

"Me hannuna ya yi?"

"Mama, girkinki gishiri ya yi masa yawa, shekara nawa ina gaya miki."

"Ji 'yar nan! Ubanki da ya fi kowa harshe a ƙasar nan bai taɓa faɗin haka ba. Kullum sai na tambaye shi, gishiri ya ji? Ya ce daidai. Ke da kika saba da abincin gwangwani za ki koya mini?"

Nieves ta yi ajiyar zuciya ta ce sai Lahadi. Obdulia ta ajiye wayar tana huci, amma faɗan ya ɗan ɗumama ta, don rabonta da ɗaga murya ga wani tun makon jiya.

Alhamis da safe ta haɗiye girman kai. Ta cika ɗan tulun, ta rufe da tsumma, ta gangara ƙarshen layi wurin Crescencio. Shi ne abokin Eutimio tun suna yara, shekara hamsin suna zama tare a ramin nan, kuma tsawon shekarun ita da shi ba su taɓa rabuwa ba tare da tsokana ba. Yana zaune a benci a ƙofar gidansa yana shan hantsi, hula har kunne, sanda tsakanin ƙafafu.

"A'a, yau wace rana!" ya ce. "Matar Eutimio da tulu a hannu? Ko guba kika kawo mini?"

"Da guba ce ai da tuni na huta da kai. Ungo, ɗanɗana."

"Likita ya hana."

"Likita ya hana ka ƙarya ma, ka daina? Ta ƙarshe ce, Crescencio. Tasa ce."

Sai ya daina murmushi. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai hanci, ya daɗe a haka, sannan ya kurɓa kaɗan. Idonsa ya kawo ruwa.

"Kai, shegen!" ya ce a hankali. "Sai da zai tafi ya yi wadda ta fi duka."

"Me take nema?"

"Oho. Ni mashayi ne, ban iya wannan ba."

"To shi me zai ce? Kai ka san bakinsa."

Crescencio ya ajiye tulun a benci. Ya dubi titin da ba kowa, ya dubi sandarsa.

"Ke me kika ce da kika sha?" ya tambaye ta.

"Ni? Me zan ce? Ni na san giya ne?"

"Ba ki yi ƙorafi ba?"

"In yi wa wa? Ganguna?"

Ya sosa haɓa. "Ya sa na yi masa alkawari," ya ce. "Amma ran Lahadi za ki tafi, ni kuma ban ga alamar zan kai wani Nuwamban ba, in ya so ya zage ni in mun haɗu. Obdulia, kin tuna murar nan da ta kwantar da shi?"

"Ta ya zan manta? Ni na yi jinyarsa."

"Tun daga ita bai sake jin ƙanshi ba, bai sake jin ɗanɗano ba. Ko kaɗan. Da giya da ruwan rijiya duk ɗaya ne a bakinsa."

Ta yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. "Tsufa ya taɓa maka kai."

"Da ma shi ne. In ana matsar inabi, ni nake ɗanɗana masa, sauran kuma ido da hannu ne suka yi masa. Amma abin da giya take nema, wannan ban iya ba, ke ce kike faɗa. Don me kike zato ya fara ba ki tulu kafin ya sha? In kin ce ta kama miki harshe, ya ce rago. In kin ce tsaminta ya kai miki kunne, ya ce busasshen kifi. Shekarar da kika ce tana warin daji, zomo muka ci. Ƙorafinki yake ɗauka ya juya, sai ya lumshe ido don a ce shi ne."

Obdulia ta nemi bakin benci ta zauna.

"Shekara goma sha tara," ta ce.

"Har da wata biyu."

"Yana cin abincina sau uku a rana."

"Yana ci."

"Ya ce daidai. Kullum ya ce daidai." Haushi ya taso mata. "Ni sakarya ce da ba zai gaya mini ba? Ni da na wanke shi yana zazzaɓi? Kai ka sani, ni da nake kwana gefensa ban sani ba?"

"Na ce masa ya faɗa, Allah ne shaida. Ya ce da fari kunya ce, mai giya ba harshe, ƙauye ya ji ai an samu abin dariya. Daga baya ya ce ba wannan ba ne. Ya ce matar nan tun asuba take tunanin abin da za ta dafa mini, in ta san ba na ji, me za ta yi da ranarta?"

Ta tuno wata rana da ta yi mantuwa har ta sa wa wake gishiri sau biyu, ita kanta ta kasa ci, shi kuwa ya sharɓe faranti tas har ya goge da burodi. Shekaru tana ba matan unguwa labarin nan da alfahari, wai ga mijin da ya san haƙuri. Ashe shi kaɗai yake zaune a teburin nan duk shekarun, yana tauna abin da ba ya ji, tana gabansa ba ta lura ba. Wannan ne ya soke ta fiye da ƙaryar.

Ta miƙe ta ɗauki tulun.

"Kada ki riƙe shi a rai," in ji Crescencio.

"Ba ruwanka, tsohon munafuki," ta ce, amma ta dafa kafaɗarsa kafin ta wuce.

Ta sake sauka taki talatin da ɗayan, wannan karon ko kyandir ba ta kunna ba sai da ta kai ƙasa. Ta zubar da ragowar tulun ta tsiyayo sabuwa. Kwana uku tana neman bakin Eutimio a cikin giyar nan, nata bakin ko tambayarsa ba ta yi ba. Yanzu ba jiƙa leɓe ta yi ba, cika baki ta yi ta riƙe.

Da farko zaƙi ne, irin na baƙin ɓaure da ya bushe a rana, can ƙasa kuma hayaƙi-hayaƙi, da wani ƙanshi irin na jakar fatarsa ta zuwa gona. Sai zafi ya bi maƙogwaro. Sannan baurin ya sauko, ya kama dasashi, ya kama harshe, ya shanye yawu kaf.

"Kai!" ta ce da ƙarfi, fuska a yamutse. "Wannan ai ba ta da mutunci. Ta busar mini da baki kamar na tauna tsumma. Wa zai iya da ita in ba da abu mai danƙo ba, wanda ya wuni a wuta har yana manne leɓe?"

Ta miƙa tulun gefen dama, inda yake tsayawa. Hannunta ya tsaya a iska. Ba dariya, ba wanda ya karɓa.

Sannan ta maimaita maganarta a hankali, yadda shi zai saurare ta. Mai danƙo. Ya wuni a wuta. Yana manne leɓe.

"Wutsiyar sa," ta ce. "Wannan wutsiyar sa take nema."

Daga sama, ta ƙofar iskar ramin, ta jiyo hon. Motar mai nama ce, ran Alhamis kaɗai take zuwa, kuma ba ta wuce minti goma a dandali don ba masu saye. Tsohuwar da ke hutawa sau uku a matakalar nan yau ba ta huta ba ko sau ɗaya. Ta iso yana rufe ƙofar baya.

"Tsaya! Akwai wutsiya?"

"Ɗaya ta rage, Baba. Amma babba ce, ta ishi mutum biyar. Baƙi za ki yi?"

"Ba ni ita duka."

Ran Juma'a ta ɗora tun da safe. Ta barbaɗa wa gutsattsarin garin alkama, ta soya su a man zaitun har suka yi duhu, ta sa albasa da karas da tafarnuwa da ganyen ƙanshi, sannan ta juye rabin tulun giyar a kai, tukunyar ta yi huci. Ta sa gishiri da hannu yadda ta saba, ta rage wuta. Awa biyar tana dahuwa. A tsakani ta ninke zannuwan gado, ta naɗe hotuna a jarida, ta buɗe kabad ɗin rigunansa ta sake rufewa. Da azahar ta wuce naman ya saki ƙashi, romon ya yi kauri yana ƙyalli.

Ta zuba wa Crescencio kwano ta kai masa, ba ta tsaya surutu ba. Nata ta sauka da shi ramin, da burodi, da allin da ke ajiye tun bara. Ta zauna a kututturen da yake zama.

Ta ɗauki loma, naman ya narke, romon ya manne mata leɓe. Ta bi shi da giyar. Baurin nan da ya so ya cire mata dasashi jiya sai ya kwanta, ya wanke maiƙon ya bar zaƙin ɓauren a baya, bakinta ya nemi wata lomar da kansa. Ita ce. Ba ko shakka ita ce. Ta miƙe ta rubuta a fuskar gangar da manyan baƙaƙe, rubutunta a karkace kusa da nasa na sauran shekaru. Da ta ja baya ta duba sai ta ga ba kalmarsa ba ce ta samu, tata ce, kamar yadda goma sha tara na jikin waɗancan gangunan ma nata ne.

Ta koma ta zauna. Ta ɗebi romo a cokali, kuma kafin ta ankara bakinta ya riga ta, kamar kullum.

"Gishiri ya ji?"

Ramin ya yi shiru. To tunda ba mai amsawa, sai ta kai cokalin baki ta saurara da kanta, yadda ta yi wa giyar. Ta riƙe romon a harshe. Ta sake ɗiba don ta tabbatar.

Ya yi yawa. Ba kaɗan ba ma.

Dariya ta kufce mata, ta rufe baki da bayan hannu, dariyar ta juye ta zama kuka, ta bar shi ya fito tunda ba mai ji. "Eutimio, maƙaryaci," ta ce. "Daidai, ko? Daidai!"

Da ta gaji ta share fuska da haɓar riga, ta jawo farantin. Ta cinye naman duka, ta tsotse ƙasusuwan, sannan ta gutsuri burodi ta goge farantin tas, kamar yadda ya yi mata ranar waken.